Madubin da Oom Faan Ya Aiko

Tsumeb, 9 ga Agusta, 1993

Oom Faan,

Gaisuwa da ladabi daga nan arewa. Ina fata sanyin bana bai taɓa maka ƙirji ba, kuma ƙafar da na ji an ce tana damunka ta yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai hayaƙin ma'aikatar tagulla da muka saba shaƙa.

Na san sai ka juya takardar nan ka duba suna. Ni ce Sanet, 'yar Lettie. Kakata da marigayiya Tant Miems, matarka, 'ya'yan wa da ƙani ne. Shi ya sa muke ce muku Oom da Tant, wato kawu da goggo. Rabonka da ni tun ranar jana'izarta, shekara tara ke nan. Yanzu ina auren Ockert Visagie, mai walda a ma'aikatar.

Da ɗan abin da Mama ta bar mini na sayi karaban, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Na hannu ne, amma rufinsa ba ya yoyo, akwai gado biyu da murhun gas da ƙaramin firji. Takardunsa da sunana. In ka cire takardar aure, shi ne abu na farko a duniya da aka rubuta sunana a kai.

A Disamba za mu bakin teku, sansanin nan na arewa da Henties inda kuke zuwa da su Mama ina ƙarama. Mama takan ce a duk dangi ba wanda ya san karaban kamarka, wai ka fi sanin tayarsa a kan ranar haihuwar 'ya'yanka. To, ka rubuto mini abin da ya zama dole sabon mai karaban ya mallaka kafin ya hau hanya. Ockert ya ce shi ba ya buƙatar tsoho ya koya masa jan akwati, amma ni ina buƙata.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ƙofar mota ce ta datse mini yatsa.

Taka,
Sanet

Keetmanshoop, 21 ga Agusta, 1993

Sanet, 'yar Lettie,

Na ga takardarki, na ji daɗi har sai da na karanta wa kare. Ƙirji lafiya. Ƙafa kuwa ta yi ritaya kafin ni, ba ta ko yi mini sallama ba. Ki gai da mijinki, ki ce masa na ga masu walda da yawa a gefen hanya suna tsince cokulan matansu daga cikin yashi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Fara da waji na tokare taya, guda huɗu. Ba bulo ba, ba dutsen da kika tsinta a wurin ba. Bulo yana farfashewa, kuma ba ya gaya miki ranar da zai yi. Katako mai tauri, a yanka shi da gangare, a huda a sa igiya don a ja shi ba tare da an cusa hannu ƙarƙashin taya ba. Shi ne farkon abin da ake sawa in an tsaya, shi ne na ƙarshe da ake cirewa in za a tashi. Wanda ya juya wannan tsari ya shirya bin ɗakinsa da gudu.

Sai sarƙa mai kauri tsakanin hancin karaban da mota, ko da maƙallin ya ɓalle a hanyar burji. Kada ki yarda da wadda aka sayar miki da shi sai kin duba kowane zobe. Safaya taya ta karaban ita kanta, da iska a ciki, don safaya marar iska kayan ado ce. Jak da ya dace da shi, da faffaɗan katako na ɗora jak ɗin, domin yashin bakin teku yana haɗiye ƙarfe. Sifanar taya mai dogon hannu, wadda mace za ta taka da ƙafa. Tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, ba a ƙarƙashin gado ba, tunda wuta ba za ta jira ki ɗaga katifa ba. Sabon tiyon gas, ki shafa wa mahaɗarsa ruwan sabulu, in ya yi kumfa yana yoyo. Jarkar ruwa biyu, da raga ta tare iska, in ba so kike ki ci namanki da yashi ba.

Yanzu abin da mutanenmu ke raina wa. Ɗauko sikelin banɗaki, ki ɗora hancin karaban a kai bayan kin gama lodi. Kaya masu nauyi, tukunyar ƙarfe da nama da ruwa, a kan tayoyi suke zama. In kika jibge su a baya, wutsiyar za ta fara rawa a hanya, ta ɗauki motar ta yi rawar da ita.

Na bar madubi ƙarshe don ki fi riƙe shi. Madubin a-kori-kura bai isa ya ga bayan karaban ba. Akwai masu dogon hannu da ake ɗaurawa a kai. Kin san yadda muke yi: miji a sitiyari, mata a baya tana yi masa alama da hannu, duk sansani sun fito da kujeru suna kallo. Aure da yawa sun mutu a wurin ribas ɗin nan. Ƙa'idar ɗaya ce: in direba bai ga mutuminsa a madubi ba, ya tsaya cak. Ba sannu a hankali ba, cak. Shekara talatin da ɗaya ina jan Miems zuwa teku, ban taɓa ko taka mata siket ba, ko da yake ta sha kirana jaki a gaban jama'a.

Allah ya ji ƙan Lettie. Ba ta da yawan magana, amma burodinta na tukunya ba na biyunsa. Ki kula da ƙofofin mota.

Oom Faan

Tsumeb, 22 ga Satumba, 1993

Oom Faan,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Yaya ƙafa? Ka gai da karen. Na yi jinkirin amsa don kwanan nan zama a kujera yana ba ni wuya.

Waji huɗu na sa an yanka mini yadda ka ce. Sarƙa da tiyo da tukunyar gobara duk na saya. Da na zo kan madubi Ockert ya fizge takardarka ya ce, “Kunnuwan jaki zan ɗaura wa motata? Ke da tsohon naki ku ɗaura wa kanku.”

Makon jiya muka je gwaji a wata gona mai wurin sauka, kusa da Otavi, ranar Asabar da rana. Akwai iyalai kamar shida, maza na gashin nama, suka juyo da kujeru kamar yadda ka ce. Na tsaya a baya ina yi masa alama. Sau huɗu karaban yana naɗewa gefe. Wani mai ƙaton ciki ya ɗaga kwalba ya ce, “Makwabci, a kawo maka jirgin ƙasa ne? Shi layinsa a shimfiɗe yake!” Aka yi dariya. Na ga wuyan Ockert ya yi ja, na kuwa san jan nan.

Karo na biyar ya taka mai da ƙarfi. Akwai itacen marula a bayana. Na ɗaga hannu biyu, na yi ihu, bai tsaya ba sai da ɗakin ya haɗa ni da itacen. Na ji ƙas a ƙirjina, numfashi ya ɗauke. Da ya ja gaba na zube a ƙasa.

Ya fito, bai dube ni ba, bangon karaban ya duba. Ya lotsa. Ya ɗaga ni yana ce wa mutane, “Ba komai, ba komai, ban gan ta ba, ba ta iya tsayuwa ba ne,” ya shigar da ni ciki ya ja ƙofa. Abin da ya biyo baya ba karaban ne ya yi shi ba. Bangon nan bai fi kaurin yatsa ba, Oom. Ina jin ƙarar cokali mai yatsu a farantin makwabta, su ma suna jin nawa. Can wani ya ƙara muryar rediyo.

Likita ya ce haƙarƙari uku. Na ce masa haɗari ne, Ockert yana tsaye yana riƙe da jakata.

Ina da tambaya. Mutum ɗaya, ba mataimaki, yana iya ɗaura karaban a mota? Ka bayyana mini dalla-dalla, kamar kana koya wa wawa.

Sanet

Keetmanshoop, 4 ga Oktoba, 1993

Sanet,

Sannu, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, ƙafar ce dai.

Amma ke ma da naki. Wa ya ce ki tsaya tsakanin karaban da itace? Gefe ake tsayawa, ɓangaren direba. Namiji kuma in aka yi masa dariya a gaban mutane sai a ba shi wuri ya huce. Tsakanin miji da mata sai Allah, ba zan sa baki ba.

Na aiko miki da ƙunshi a jirgin ƙasa. Madubaina ne, na ajiye su tun da na sayar da nawa karaban. In ya ga kyauta ce wataƙila ya ɗaura.

Ɗaurawa kuwa ba wuya. Ɗaure sandar tsintsiya a tsaye a kan hancin karaban, ki manna ɗan salatif a tsakiyar gilashin baya na mota. Ki yi ribas har sandar ta hau kan salatif. Sauka, ki murɗa ƙaramar tayar gaba har maƙallin ya zauna a kan ƙwallon ƙarfen motar, sai kin ji ya ce ƙat. Sa sarƙa, sa wayar fitila, naɗe ƙafafu huɗun da ke kusurwoyi, saki birkin hannu na karaban, sannan ki cire waji. Wajen ribas ki riƙe sitiyari ta ƙasa. Inda hannunki ya nufa, can wutsiyar za ta.

Ya yi kyau da kike son koyo. In Ockert ya yi ciwon baya wata rana, kya taimake shi.

Oom Faan

Tsumeb, 24 ga Nuwamba, 1993

Oom Faan,

Ina fata kana lafiya. Madubai sun iso, na gode. Suna cikin akwatin ɗinkina.

Na yi mako bakwai ban rubuto ba don takardarka ta ƙona mini rai. Na gaya maka an rufe ƙofa a kaina, ka gaya mini inda ya kamata in tsaya. To, bari in faɗa yadda ba za a iya karanta shi a karkace ba. Ockert yana dukana. Shekara shida yana yi. Ba ƙofar mota ce ta karya mini yatsa ba, shi ya lanƙwasa shi baya a kan teburin kicin don miya ta yi gishiri.

Kwanakin da abokin aikinsa ke ɗaukarsa zuwa ma'aikata, nakan fito da a-kori-kurar in gwada abin da ka koya mini. Sandar tsintsiyar tana aiki. Ranar Talatar da ta wuce ya dawo cin abincin rana ba zato, ya tarar da ni a sitiyari. Ta taga ya jawo ni, da gashi. Ya buga fuskata a kan ƙwallon ƙarfen, sau biyu, yana cewa, “Ga shi nan, duba shi da kyau, tunda shi kike so!” Haƙori ɗaya ya fita, ɗaya ya rabe. Matar makwabcinmu tana shanya a bayan waya, ta kwashe kayanta da danshinsu ta shige.

Ya ce a bakin teku zai koya mini hankali inda ba wanda ya san mu. Na yarda da shi, ba ya alkawarin banza a wannan fanni.

Ga tambayoyina na ƙarshe, ko da amsar ba ta same ni ba. Wurin da aka ba mu a sansanin yana da gangare. In mutum ya cire waji a irin wurin, ɗakin zai gangara da kansa? Nauyinsa ya isa ya danne babban mutum? Kuma tiyon gas, in aka kwance shi tukunyar ba ta rufu da kyau ba, minti nawa ne kafin ya cika ɗakin?

Bayan Kirsimeti Ockert ba zai sake ɗaga mini hannu ba. Wannan na yi wa kaina alkawari.

Kada ka rubuto Tsumeb. Ranar huɗu ga wata za mu tashi.

Sanet

Keetmanshoop, 13 ga Disamba, 1993
Ta hannun gidan waya na Henties

Sanet, 'yata,

Ba gaisuwa yau, ban da natsuwar yin ta. Kin ce kada in rubuto Tsumeb, don haka na aiko inda masu hutu ke karɓar wasiƙunsu. Allah ya sa ta riske ki da wuri.

Na karanta takardarki sau goma. Gangare, waji, gas, da alkawarin da kika yi. Ni tsoho ne amma ba wawa ba ne. Don girman Allah kada ki kashe shi. Ba don ya cancanci rai ba. Da ƙafata na aiki da na hau jirgi na zo na fasa masa kai da sifana da hannuna. Amma ke za a ɗaure, ki tsufa a kurkuku saboda kare irinsa. Kuma gas ba ya zaɓar wanda zai ci.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Disambar 1971, a wannan sansanin, karaban ɗin iyayenki yana jikin namu, taku huɗu tsakani. Wata rana bayan abincin rana, kowa ya kwanta hutawa, na ji mahaifinki Dawid ya fara. Na ji jikin Lettie yana bugun bango. Na ji ta ce, “Dawid, yarinyar tana gani.” Miems ta dube ni ta ce, “Faan, tashi.” Ni kuwa ƙato ne a lokacin, ina aikin reluwe, ina ɗaga ƙarfen tayar jirgin ƙasa da hannu ɗaya. Na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo. Washegari Miems ta kai mata busasshen burodin shan kofi, ni da Dawid muka tafi kamun kifi. Haka ake yi a sansani, kowa da ragarsa, ba a leƙa ta wani. Kunnen Lettie na hagu bai sake ji ba daga ranar.

Da takardarki ta Satumba ta zo, na gane abin da kike faɗa tun layin farko. Na sake ƙara muryar rediyo ne, da alƙalami. Ina jin kunya har ba na son ganin fuskata in na zo aski.

Ki bar masa waji, ki bar gas. Ɗaura ɗakinki ranar da maza suka tafi kamun kifi, ki taho nan. Akwai fili a bayan gidana ƙarƙashin itacen ƙaya, akwai famfo. Ba zai shigo ba sai ta kaina.

Oom Faan

Keetmanshoop, 10 ga Janairu, 1994

Sanet,

Ban san inda zan aika wannan ba, na ba wa faston cocinku a Tsumeb ko ya san inda kike. Na buga waya gidanku sau shida, ba a ɗauka. Wani direban jirgi ya ce ya ji an yi jini a wani sansani a bakin teku kafin Kirsimeti, an kai mutum asibiti, bai san ko mace ce ko namiji ba. Na share filin, na zauna ina kallon ƙofa. Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ko zagi ne.

Oom Faan

Wata gona bayan Usakos, 27 ga Janairu, 1994

Oom Faan,

Ina raye. Yaya ƙafa? Fasto ya aiko mini da takardarka ta Janairu. Ta Disamba ma na karanta da 'yan sanda suka miƙa mini ita, amma ba ni na fara karanta ta ba.

Ban taɓa shirin kashe shi ba, Oom. Na tambayi gangare don ina tsoron ɗakin ya danne ni in na cire waji ni kaɗai. Na tambayi gas don dole in kwance tukunyar kafin in hau hanya, ban kuma taɓa yi ba. Da na ce kada ka rubuto Tsumeb, nufina kada ka rubuto ko'ina. Gudu na shirya, wurinka.

Ranar ashirin ga Disamba maza suka shirya zuwa nesa kamun kifi a motar wani Boetman, don tamu ba ta iya yashi. Suna juya baya na fito da madubanka na ɗaura. Sanda, salatif, ƙat, sarƙa, waya, ƙafafu huɗu. Makwabciyarmu Tant Grieta, tsohuwa ce mai ƙiba wadda rediyonta ya rufe kukana sau biyu a makon, tana zaune tana feraye dankali tana kallona ta cikin ragarta.

Ashe sun biya cikin gari sayen ƙanƙara, Ockert ya leƙa gidan waya neman wani ƙunshi nasa, ya tarar da wasiƙar matarsa. A mota ya karanta.

Ina durƙushe ina jan waji na ƙarshe na ji motar Boetman. Ockert ya diro da ƙugiyar nan mai dogon mariƙi da ake ɗago babban kifi da ita, takardarka a ɗaya hannun. Yana ihu, “Gas! Gas za ki sa mini, 'yar iska? Ke da gurgun tsohonki?” Na ɗaga hannu na kare fuska. Ƙugiyar ta shiga ƙarƙashin kafaɗata, ya ja, ta tsaga ni har gwiwar hannu. Ban ji zafi ba, ɗumi kawai na ji yana bin gefena. Wajin yana hannuna na dama, da igiyarsa. Na wulwula shi na sauke masa a ƙoƙon gwiwa da duk ƙarfin shekara shida. Ka yi gaskiya, katako mai tauri ba ya farfashewa.

Ya faɗi, na shige mota na danna makulli. Ya taso yana jan ƙafa, ya fasa gilashin gefe da mariƙin, gilashi ya cika mini cinya. Mutane sun fito, Oom, sun kai ashirin, Boetman har da hannu a aljihu yana cewa, “Haba Ockie, ya isa mana.” Iyakar abin da aka yi ke nan.

Gabana ragar Tant Grieta ce da teburinta, ba hanya. Dole in yi baya in karya kwana. Bayana kuma bangon banɗakin sansani. Ockert ya ga haka ya ja jiki ya koma can, ya tsaya a kusurwar dama ta karaban yana sarar tayar da ƙugiya yana cewa, “Zo mana! Taka ni in kin haifu!”

Na sa ribas, na riƙe sitiyari ta ƙasa. Ka ce in ba a ga mutum a madubi ba a tsaya cak. Ba ka faɗa mini abin da ake yi in ana ganinsa ba. Ina ganinsa sarai, har gumin da ke goshinsa. Madubanka masu kyau ne. Da babu su, da na ce ban gan shi ba, kamar yadda ya ce a Otavi, kuma duk sansanin da sun rantse haka aka yi.

Na saki kulochi a hankali. Kusurwar ta taɓa ƙirjinsa, ya ja baya, bayansa ya sami bango. Ƙugiyar ta faɗi. Na ƙara kaɗan. Na ji ƙas, ta cikin hayaniyar nan duka na ji shi, don na san sautin. Bakinsa ya buɗe ba murya. A lokacin na so in ƙarasa, ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da ban taɓa tunani ba sai da takardarka ta kawo ni bakinsa. Sai na tuna ban sayi ɗaki mai taya don in ƙare a ɗakin da ba ya motsi ba. Na taka birki.

Ina nan tsakanin bango da raga, jini na cika mini takalmi, sai na ji rediyo ya yi shiru. Tant Grieta ta taso da wuƙar dankalinta, ta bi igiyoyin ragarta ɗaya bayan ɗaya tana yankewa. Mijinta ya ce, “Grieta, ba ruwanmu!” Ta ce, “Rufe mini baki, Sarel, ka ɗauke kujerarka ko a bi ta kanka.” Ta dubo ni ta ce, “Wuce, 'yar nan. Bi ta kan teburin, tsoho ne.” Na bi ta kansa.

Na kai kilomita ɗari da wani abu kafin ido ya fara rufewa. Wutsiyar ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya, na yi lodin da sikeli. Matar gonar nan tsohuwar nas ce, ita ta tsince ni a bakin ƙofarta ta kai ni aka yi mini ɗinki talatin da huɗu. Yatsu biyu ba sa naɗewa har yanzu. Ockert yana asibiti, an ce gwiwar ba za ta koma daidai ba. Ya so ya kai ƙara, Tant Grieta ta je da kanta ta ba da shaida, ta ja mata uku suka bi ta. An mayar masa da motarsa. Ɗakin nawa ne, takarda ta faɗa.

Saura maganar 1971. Ba sabon labari ka ba ni ba. Shekarata shida, ina ƙarƙashin teburin karaban ɗinmu, na toshe kunne da hannu. Na san muryar rediyonka, na ji lokacin da ta ƙaru. Kiɗan akodiyon ne, har yau in na ji irinsa sai in fita daga ɗaki. Akwai masu sayar da kayan karaban a Tsumeb, Oom, da jerin kaya kawai nake so da su na tambaya. Kai na rubuta wa don in ga ko wannan karon za ka tashi.

Ka tashi a makare, kuma ka kusa sa a kashe ni. Amma ka tashi.

Matar gonar za ta ara mini motarta ranar goma ga Fabrairu. Waji uku gare ni yanzu, na huɗun yana wurin 'yan sanda, ka sa a yanka mini wani. Kuma ranar ka kashe rediyon, don ka ji in na yi ham a bakin ƙofa.

Taka,
Sanet, 'yar Lettie